Mu Na Cikin Inuwa

Bahaushe ya ce zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Mu malaman adabi mun sha ɗauko wannan karin magana a aji, mu feɗe ta a gaban ɗalibai, mu nuna musu sigarta da hikimar da ke ƙunshe cikinta, sannan mu kawo ta a jarrabawa mu ba da maki. Sai dai kaɗan ne daga cikinmu suka san nauyinta a jikinsu. Mafi yawanmu mun kai shekara arba'in da 'yan kai ba mu taɓa kwana a jeji don gudun maƙwabci ba, ba a kuma taɓa tare mu a shingen hanya a tambayi sunanmu, alhali mun san amsar ce za ta yanke mana rai ko mutuwa ba. Albashinmu, ko ya yi jinkiri, yakan zo. Gidajenmu na cikin katanga, ga mai gadi a bakin ƙofa. Koke-kokenmu ba su wuce ɗaukewar wutar lantarki, da tsadar man fetur, da yajin aikin da ke cinye lokacin karatu ba. Ba mu raina waɗannan matsaloli ba, amma dai matsaloli ne na mutumin da ya tabbata, in da rai, gobe a kan gadonsa zai wayi gari.

Daga cikin wannan inuwa muke son mu dubi Zangon Kataf da sauran ƙasar kudancin Kaduna, mu tambayi kanmu: wane haƙƙi ne ya rataya a wuyan wanda Allah ya ba kwanciyar hankali, game da waɗanda aka hana musu ita? Ba mu zaɓi Zango don nisansa ba. Tafiyar 'yan sa'o'i ce a mota daga Kaduna ko Zariya. Cittar da muke jefawa a shayi, akasarinta daga gonakin Kaciya da Kwoi da Zonkwa da Kafanchan take fitowa. A ajujuwanmu akwai 'ya'yan yankin, Musulmi da Kirista, wasunsu Hausar bakinsu ta fi ta malaminsu daɗi. Wato dai muna cin amfanin ƙasar, muna koyar da 'ya'yanta, amma wutar da ke cin ta labarinta kawai muke ji.

Sunan garin kansa darasi ne. Zango shi ne inda fatake ke sauke kaya su huta, su shayar da dabbobinsu, kafin su ci gaba da tafiya. Masana tarihi sun nuna cewa tun a ƙarni na 18 ayari ke sauka a wannan wuri, a tsakiyar ƙasar mutanen da Hausawa ke kira Katab ko Kataf, su kuwa suke kiran kansu Atyap, harshensu kuma Tyap. Sannu a hankali masauki ya zama gari mai kasuwa da masallaci, Hausawa na ciki suna fatauci da sana'a da noma, ƙauyukan Atyap kuma na kewaye da su. An yi ciniki, an yi abota, an ari kalmomin juna. An kuma yi wani abu da ba mu cika son ambatonsa ba, wato a ƙarni na 19 wannan ƙasa na cikin wuraren da mayaƙan Zazzau ke kai wa hari don kama bayi da karɓar haraji. Har yau Atyap na tuna farmakin zamanin Sarkin Zazzau Kwasau, da jaruminsu Marok Gandu wanda aka kashe a 1902.

Da Turawa suka zo sai suka ɗora mulkinsu a kan wannan tsohon gini. Maƙwabtan Atyap irin su Kagoro da Marwa da Jaba an bar su da sarakunansu, amma Atyap da Bajju, waɗanda Hausawa ke ce wa Kaje, aka ajiye su a ƙarƙashin hakimin da Zariya ke naɗawa, da alƙalinsa da dogaransa da masu karɓar harajinsa. A 1946 Atyap suka yi bore, suka ƙi biyan haraji. Sai a 1967 aka naɗa ɗan ƙabilarsu na farko, Bala Ade Dauke, a matsayin hakimi, shi ma a ƙarƙashin Zazzau. A tsakanin nan 'yan mishan sun shigo, sun kafa tasha a Kwoi a 1910, daga baya a Kagoro, suka buɗe makarantu da ɗakunan shan magani, jama'ar yankin da yawa suka karɓi Kiristanci. Da haka saɓanin da tushensa ƙasa ne da sarauta ya sami rigar addini. Ta ɗaya gefen kuma ga Bahaushen Zango, wanda aka haifi kakan kakansa a garin, kabarin iyayensa na nan, bai san wani gida ba, amma bayan shekara ɗari biyu ana ce masa baƙo. Kowanne daga cikin biyun yana da ciwo na gaske, kowanne kuma yana ganin ɗan'uwansa ne sanadin ciwon.

Muna yara lokacin da wutar ta fara tashi a zamaninmu. Ranar Juma'a 6 ga Maris 1987 rigima ta ɓarke a Kwalejin Ilimi ta Kafanchan, a wajen wani taron wa'azi na ɗalibai Kirista, inda ɗalibai Musulmi suka zargi mai wa'azin da ɓata fassarar Alƙur'ani. Faɗan ya fita daga makaranta ya shiga gari, aka kashe mutane, aka ƙone masallaci. Cikin 'yan kwanaki ramuwa ta isa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, inda aka ƙone majami'u fiye da 100. Bayan shekara biyar sai ga Zango. Ƙaramar hukumar Zangon Kataf, mai hedikwata a Zonkwa, a ƙarƙashin shugabanta Juri Babang Ayok, ta yanke shawarar a tayar da kasuwar garin daga tsohon wurinta zuwa wani fili a bayan gari. Atyap na cewa tsohuwar kasuwa ta matse, rumfunanta na hannun Hausawa, ba a kuma barin su sayar da naman alade da burkutu a ciki. Hausawa kuwa na ganin dabara ce ta karya musu tattalin arziki, ga shi sabon wurin ba a gina komai a kansa ba, har ɗaya daga cikinsu ya garzaya kotu neman a dakatar. Ranar Alhamis 6 ga Fabrairu 1992, ranar da sabuwar kasuwa za ta fara ci, aka yi arangama. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 95 suka mutu.

Gwamnatin Dabo Lere ta kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai shari'a Rahila Cudjoe, amma kafin hankali ya kwanta sai aka shiga zargin juna da tumɓuke shuka a gonakin da ake jayayya a kansu. Ranar Juma'a 15 ga Mayu aka sake gwabzawa, wannan karo kuwa garin Zango aka kusa shafewa gaba ɗaya. Da gawawwaki da masu rauni suka isa Kaduna, sai birnin ya kama da wuta, haka Zariya da Ikara, aka shiga kashe Kiristocin da wasunsu ba su taɓa taka ƙasar Zango ba. Hukuma ta ce mutum 471 suka rasu a wannan zagaye, 188 a Zango, 250 a Kaduna, sauran a Zariya da Ikara da wasu wurare. Hausawan Zango kuwa sun ce su kaɗai sun rasa mutum 1,528. Mai karatu ya dubi tazarar da ke tsakanin 188 da 1,528. A cikin wannan tazara akwai mutane fiye da dubu waɗanda ko mutuwarsu ba a yi ittifaƙi a kanta ba.

Gwamnatin Janar Babangida ta kafa kotu ta musamman a ƙarƙashin Mai shari'a Benedict Okadigbo, wadda a Fabrairun 1993 ta yanke wa Manjo Janar Zamani Lekwot mai ritaya, tsohon gwamnan soja na Jihar Ribas, da wasu 'yan Atyap hukuncin kisa, ba tare da damar ɗaukaka ƙara ba. Daga baya aka mayar da hukuncin ɗaurin shekara biyar, aka kuma sake su a 1994. A 1995 Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Afirka ta ce shari'ar ta saɓa wa ƙa'idar adalci. Sakamakon duk wannan shi ne, Atyap sun tashi da imanin cewa an hukunta shugabanninsu ne don su wane ne, ba a kuma taɓa waɗanda suka yi kisa a Kaduna da Zariya yadda ya kamata ba, Hausawan Zango kuma sun tashi da imanin cewa jinin 'yan'uwansu ya tafi a banza. Shari'a ɗaya ta bar ɓangarori biyu kowanne na kukan zalunci. A 1995 aka ba Atyap da Bajju masarautunsu, abin da suka shekara hamsin suna nema, amma sai bayan da aka cika ramuka da gawawwaki.

Abin da ya biyo baya kowa ya sani. A 1999 an yi faɗa a Kafanchan kan naɗin Sarkin Jama'a. A Fabrairu da Mayun 2000 an kashe dubban mutane a Kaduna kan batun shari'ar Musulunci, har kogin Kaduna ya zama iyaka, Musulmi suka tattara a arewacinsa, Kirista a kudancinsa. A Afrilun 2011, bayan zaɓen shugaban ƙasa, an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohin Arewa. An ƙone majami'u an kashe Kirista a garuruwan Hausa, a Zonkwa da Matsirga da Kafanchan kuma an kashe ɗaruruwan Musulmi, waɗanda suka tsira suka shafe shekaru a sansanin alhazai na Mando. A 2016 aka afka wa Godogodo da Goska. A 2020 'yan bindiga suka yi ta bin ƙauyukan Atyap da dare, har aka sa dokar hana fita ba dare ba rana, a Afrilun 2023 kuma aka binne mutum fiye da 30 a ƙauyen Runji. Mutanen ƙauyukan na ɗora alhakin a kan makiyaya, Fulani kuma na lissafa nasu rugagen da aka ƙone da 'yan'uwansu da aka kashe.

To, yaya mu na cikin inuwa muke magana a kan duk wannan? Abu na farko da mai nazarin harshe zai lura da shi shi ne kalmar da muka zaɓa. Cewa muke yi rikicin Zango, rikicin Kafanchan, rikicin Zonkwa. Rikici kuwa kalma ce da muke amfani da ita ga kishiyoyi in sun yi cacar baki, ko 'yan kamasho in sun yi saɓani a tasha. Ba ta da mai aikatawa, ba ta da wanda aka yi wa. Rikici ɓarkewa yake yi kamar annoba, ya lafa kamar zazzaɓi. Kalmar ba ta nuna hannun da ya riƙe adda, ba ta nuna tsohon da ya kasa gudu. Hausa ba ta rasa kalmomin da suka dace ba. Tana da kisa, da ƙone, da kora, da kisan gilla. Amma waɗannan mukan adana su ne don ranar da namu aka kashe. In na wancan gefe ne, sai mu koma ga rikici.

Abu na biyu shi ne inda kowa ke fara labarinsa. A zauren da Musulmi suka taru, labarin kudancin Kaduna yakan fara ne daga masallacin Kafanchan a 1987, ya bi ta Zango a 1992, ya tsaya a Zonkwa a 2011. A inda Kirista suka taru kuwa yakan fara daga hare-haren bayi, ya bi ta majami'un Zariya da aka ƙone a 1987 da titunan Kaduna a 1992 da 2000, ya tsaya a Goska da Runji. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowane kwanan wata gaskiya ne, kowace gawa gawa ce. Ƙaryar tana cikin abin da aka tsallake. Laifi tudu ne, in ji masu iya magana, ka taka naka ka hango na wani. Mutumin da aka kashe wa uwa a gabansa, in ya kasa ganin gawar kowa sai tata, babu mai zarginsa, domin raɗaɗi yakan rufe ido. Amma mu da ba a kashe mana kowa ba, wane uzuri ne gare mu in muka ɗauki rabin lissafi muka bar rabi?

Abu na uku shi ne yadda juyayin nesa ya fi mana sauƙi. Tsakanin faɗan Zango na Fabrairu da na Mayun 1992, a watan Afrilu, aka fara yi wa birnin Sarayebo ƙawanya a Bosniya. Mun girma muna jin labarin Bosniya a rediyo, mun ji yadda aka kashe maza da samari kusan 8,000 a Sirebirenika a Yulin 1995, an yi musu alƙunutu a masallatanmu, kamar yadda majami'u suka yi ta addu'a ga Kiristocin kudancin Sudan. Wannan juyayi daidai ne, babu abin zargi a cikinsa. Sai dai ba ya neman komai daga gare mu, domin azzalumin baƙo ne, ba ya jin harshenmu, ba ma haɗuwa da shi a ɗaurin aure. Juyayin Zango kuwa tsada gare shi. Duk wanda zai yi shi tsakani da Allah dole ya yarda cewa wasu masu sallah irin tasa, ko masu zuwa majami'a irin tasa, sun kashe wanda bai ji ba bai gani ba. Wannan yarda ita ce ke yi wa mai jin daɗi wuya, domin tana taɓa mutuncin da yake taƙama da shi.

Alhali kuwa addinan nan biyu da ake kisa da sunansu, kowanne ya san ɗacin tsanantawa tun daga tushensa. Malaman tafsiri da yawa sun bayyana cewa mutanen rami da aka ambata a Suratul Buruji su ne Kiristocin Najran, waɗanda sarkin Yaman Zu Nuwas ya ƙone wajen shekara ta 523 saboda sun ƙi barin imaninsu. Ke nan yaron da ke makarantar allo, tun bai kai izu biyu ba, ya riga ya haddace surar da ke la'antar masu ƙone muminai a rami. Da Ƙuraishawa suka matsa wa Musulmin farko, wajen shekara ta 615, Habasha aka tura su, wurin Najashi, sarki Kirista, saboda an shaide shi da adalci. A ƙasar Hausa ma, farmakin da Gobirawa suka kai wa Gimbana da hijirar Shehu Usmanu daga Degel zuwa Gudu a 1804 labari ne na jama'ar da aka tsananta wa saboda addini. Su kuma Kirista, tarihin ƙarnoninsu na farko cike yake da waɗanda Rumawa suka kashe kan imani. Abin takaici shi ne, tuna zaluncin da aka yi wa kakanni bai taɓa hana jikoki yin nasu ba. Zuriyar waɗanda suka yi hijira zuwa Gudu ce ta kai hare-hare kudancin Zazzau, zuriyar waɗanda aka kai wa harin kuma ita ce ta kewaye Zango a 1992.

A nan ne maganar ta iso ƙofar sana'armu. Tun 1932 aka kammala fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, aikin da Dokta Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa. Daga lokacin zuwa yau, da Hausa ake wa'azi da waƙa a ɗimbin majami'un kudancin Kaduna, da ita Bajju ke ciniki da Atyap, da ita Ham ke gaisawa da Ikulu. Wato duka ɓangarorin biyu da Hausa suke kiran sunan Allah. Wanda ya kai hari da wanda ya roƙi a bar shi da rai, sau da yawa da Hausa suka yi maganarsu ta ƙarshe. Kada mu ruɗi kanmu cewa harshe ɗaya garkuwa ne. A Ruwanda a 1994 masu kisa da waɗanda aka kashe harshensu ɗaya, akasarinsu ma addininsu ɗaya. Amma harshe ɗaya hanya ce, kuma ita ce kaɗai hanyar da kukan Zango da kukan Runji za su iya bi su shiga kunne ɗaya ba tare da tafinta ba. Mu ne aka ba amanar wannan harshe, ana biyan mu albashi don mu yi masa hidima.

Wata rana muna karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa tare da 'yan aji uku. Littafi ne da ke sa mai karatu tausayin yaron da aka sace aka sayar, da uwar da ta bi sawunsa har ta ƙetare Sahara. Muna kan wurin da Makau, mijin uwar, ya fita hari ƙasar Gwari tare da sauran fadawa, sai wata ɗaliba 'yar kudancin Kaduna ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, su waɗanda aka kamo a wannan hari, ba su da uwaye ne? Wa ya rubuta nasu labarin?" Aji ya yi tsit. Littafin ba shi da amsa, domin ba labarinsu ya zo bayarwa ba, kuma wannan bai rage masa daraja ba. Kafin a tashi sai wani ɗalibi, wanda iyayensa suka baro Zonkwa a 2011, ya ce shi ma bai taɓa cin karo da labarin irinsu a cikin wani littafi da aka sa su karanta ba. Su biyun ba su yi musu da juna ba. Abu ɗaya suke nema daga adabin harshen da suke karanta, wato ya san da zamansu.

In muka duba taskarmu za mu ga dalilin kokensu. Muna da waƙoƙin jihadi, muna da waƙoƙin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda galibinsu na zuga soja ne da kirarin mazaje. Muna da ɗaruruwan littattafan soyayya da suka cika kasuwar Kano a daidai shekarun da Kafanchan da Zango ke ƙonewa. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne adabin makoki, irin wanda zai zauna da wadda aka kashe wa miji ya saurare ta, ba tare da ya fara tambayar sunan mijin ba. Marubutan tarihi da siyasa sun yi nasu ƙoƙari. Yusufu Bala Usman ya yi gargaɗi tun 1987 kan yadda masu neman mulki ke wasa da addini, Matthew Hassan Kukah, ɗan ƙasar Ikulu a ƙaramar hukumar Zangon Kataf, ya fitar da nazarinsa kan addini da siyasa a Arewa a 1993. Amma da Turanci suka rubuta, don masu Turanci. Matar da ta gudu da goyo a bayanta ba ta cikin masu karanta su.

Wani zai ce, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, wanda bai ɗanɗana ba ya yi shiru. Akwai gaskiya a nan, domin babu abin da ya kai wa'azin haƙuri daga bakin ƙosasshe ciwo. Ba mu da hurumin ce wa kowa ya yafe. Waɗanda suka isa su faɗi haka su ne irin Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa a ɓangarori biyu masu gaba a Kaduna a 1992. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu. Sun haɗu a 1995, kowanne na zargin ɗan'uwansa, daga bisani suka kafa cibiyar sasanta mabiya addinai, suka yi aikin sulhu har a Yalwan Shandam ta Jihar Filato. Haka nan shugabannin al'ummomi 29 da suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kafanchan a Maris 2016, da Atyap da Hausawa da Fulanin da suka zauna a ƙarƙashin Agwatyap Dominic Gambo Yahaya a Agustan 2020. Yarjejeniyoyin ba su hana sake zubar da jini ba, amma waɗanda suka zauna ɗin sun kalli fuskar mutanen da suke zargi da kashe 'yan'uwansu, sun kuma yi magana da su. Namu aikin bai kai nasu nauyi ba, saboda haka ba mu da dalilin kasa yin sa.

Aikin kuwa a bayyane yake. Kowace shekara muna tura ɗalibai ƙauyuka su tattaro tatsuniyoyi da waƙoƙin daka da kirarin mafarauta don kundin kammala digiri. Waɗanda suka ga 1987 da 1992 da idonsu suna tsufa, wasu sun riga mu gidan gaskiya. Me zai hana a tura ɗalibai bibbiyu, Musulmi da Kirista tare, su ɗauki bayanin tsofaffin Zango da na ƙauyukan Atyap, da na Zonkwa da Matsirga da Goska, da izinin masu bayanin, a adana a ɗakin karatu guda? Me zai hana mu koyar da Shaihu Umar tare da tarihin waɗanda ake kai wa hari, mu kuma fassara waƙoƙin baka na Tyap da Jju zuwa Hausa kamar yadda muka fassara na Larabci da Turanci? Mu kira mutane da sunan da suke kiran kansu. Mu tsarkake alƙalaminmu daga kalmar arna, su ma 'yan'uwanmu na can su tsarkake nasu daga kiran wanda aka haifi kakansa a gari baƙo. In ɗalibi ya kawo mana gajeren labari ko waƙa a kan waɗannan al'amura, kada mu ce masa ya nemi jigo mai sauƙi. Mu taya shi gyara, mu tambaye shi ko ya ji ta bakin ɗaya gefen.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai kwance ɗamarar ɗan bindiga, ko ya raba gardamar gona. Wannan aikin hukuma ne da kotu da sarakuna, kuma wajibi ne a ci gaba da matsa musu su yi shi. Amma kafin hannu ya ɗauki makami, sai da kunne ya sha labari mai gefe ɗaya shekara da shekaru, a gida da makaranta da wurin ibada. Ajinmu na cikin wurare 'yan kaɗan da suka rage a Arewa inda ɗan Rigasa da 'yar Sabon Tasha ke zama a benci ɗaya har shekara huɗu. In suka fita kowanne da rabin labarin da ya shigo da shi, to mun ba su takardar shaida, ba mu ba su ilimi ba.

Kwanciyar hankalin da muke ciki ba wayonmu ne ya ba mu ba, ba kuma don mun fi mutanen Zango ko na Runji kusanci da Allah ba. Rabo ne, kuma kowane rabo da hisabinsa. Wanda aka bar wa idonsa babu hawaye, an bar masa ne don ya ga abin da mai kuka ba zai iya gani ba, ya kuma faɗe shi cikakke ko da zai ɓata wa nasa rai. Allah ya ji ƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙinsu ba, ya mayar da waɗanda aka kora gidajensu, ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan na gida kafin na waje.